Ƙyallen da Ban Kai Mata Ba

Jiya a tsohon akwatina na tsinci wani ƙyallen saƙi, har yanzu yana ƙanshin shuni, sai na tuna gwaggona ta Salaga. Na zaga Kano da Abijan ban ga mai faci irin nata ba. Takan haɗa guntun atamfa da buhun fulawa, ta bar bakin zaren a waje da gangan.

Da zan tafi Bawku, ta nuna mini wani ɗan ɗinki da ta bar wa gurbi kamar tafin hannu.

"Ka kawo mini saƙin can, ɗan nan. Kada ka daɗe, idona ya fara gudun allura."

Na saya, amma fatauci ya riƙe ni shekara biyu. Na dawo na tarar an yi sadakar arba'in ɗinta.

Allah ya haskaka kabarinki, Gwaggo, ya yafe mini jinkirina.