Ruwan Ya Yi Kore a Bayanka, Baba Zakiyyu

Daga Allah muka zo, gare Shi ake komawa, kowa da ranarsa. Taka ranar, Baba Zakiyyu Mai Ruwa, ta zo ne Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, a gidanka na Gumel, bayan zazzaɓin da muka ɗauka na zafin bazara ne kawai. Ina tashar Maigatari ina jiran fasinja ɗanka Bilal ya kira ni. Na daɗe zaune a kan babur ban iya tayar da shi ba. Kafin la'asar mun kai ka makwancinka.

Ni ne Siddiƙu, ɗan acaɓan da yake goya ka. Karatuna bai yi nisa ba, kuma a gajiye nake, amma idan na yi shiru za a ce wani tsoho mai wanke kwamin iyo ne ya rasu, a wuce.

'Yan shekarun nan masu hali a yankinmu sun fara gina kwamin iyo a bayan gida. Akwai a Gumel, akwai a Maigatari, har da wani a gidan gona ta hanyar Gagarawa. Magini ya gama ya tafi, a cika ruwa, a ɗauki hotuna, ba da jimawa ba ruwan ya koma kamar kududdufin damina. Sai a nemo ka, domin ka daɗe kana wannan aiki a otal a Kano da Damagaram. Har ka rasu ba ka cewa kwami, fisin kake cewa, irin na mutanen Damagaram.

Lokacin da muka haɗu yanar ido ta riga ta kama ka, shi kuwa aikin na launi ne. Akwai ɗan abin gwaji mai baki biyu. A ɗebo ruwa a ciki, a ɗiga magani. Ɓangare ɗaya ya yi rawaya, shi ke nuna ko akwai kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Ɗayan ya yi ja, shi ke nuna ko ruwan ya yi tsami ko ya yi kanwa-kanwa. Rannan ka ɗaga shi sama, ka juya, ka sake juyawa, sannan ka miƙo mini ka ce in faɗa maka abin da na gani. Na ce wannan ruwan ɗorawa ne, wannan kuma kamar zoɓon da aka tsinka. Ka yi dariya ka ce ka fahimta. Tun daga nan haka muke yi: ni in faɗi launi, kai ka auna magani. In na ce jan ya yi ruwan goro, ka ce alhamdulillahi. In na ce zoɓo, ka ce a ɗauko bokiti.

Na ga haƙurinka da sababbin masu kwami. Magana ɗaya kake maimaita musu, ba ka ƙosawa a fuska, ko da yake a hanya ina jin ajiyar zuciyarka a bayana. Kana ce musu ruwa ya yi garau ba shi ne lafiyarsa ba. A zura hannu har gwiwar hannu kafin a ɗebo na gwaji. A fara gyara jan, domin in ya yi yawa ko buhu aka zuba na kulorin ba zai yi aiki ba. A zuba asid cikin bokitin ruwa, kada a zuba ruwa a kan asid. Kulorin kuma sai rana ta yi sanyi, don rana cinye shi take yi. Su ce to, to, Malam. Muna fita a kashe injin da ke juya ruwan saboda tsadar mai. Mako ya zagayo mu dawo, ka sake ɗaukowa daga farko kamar ba ka taɓa faɗa ba.

Gidan da ka fi damuwa da shi shi ne na Hajiya Ummulkhair a nan Gumel. Ita ba don nishaɗi aka gina mata ba. Gwiwoyinta ne suka ƙi, ta daɗe tana sallah a kan kujera, likita ya ce ta riƙa tafiya cikin ruwa, ɗanta ya gina mata. Da doguwar rigarta take shiga, jikokinta mata na riƙe da ita. Ta gaya maka ba ta neman komai illa goshinta ya sake taɓa ƙasa kafin ta bar duniya. Kuma ya taɓa, Baba. Kai ka fara ba ni labari.

Sai ruwan nata ya fara ba mu wahala. Duk zuwa zoɓo, duk zuwa ya yi dishi-dishi. Ka zargi rijiyar burtsatse, ka zargi injin. Ni kuma na lura da wani farin ɓawo a kan matakala, na kuma ga buhun kanwa ungurnu a bayan madafi. Ashe wata aminiyarta ce ta aiko mata daga Nijar, ta ce tana maganin ciwon gaɓoɓi, ita kuwa take ɗiba tana watsawa a kwamin. Na zaci za ka kira ɗanta a waya. Sai ka sa aka yi mana iso, ka gaishe ta a tsanake, sannan ka ce:

"Hajiya, miyar kuka muke haɗawa a fisin ɗin nan ne? In ita ce, in kawo daddawa."

Ta rufe baki da mayafi ta ce, "Kai Zakiyyu, da wane idon ka gani? Wannan ɗan babur ɗin ne ya kai tsegumi."

Ba ka kushe maganinta ba. Ka ce kanwa tana da amfaninta, amma a jiƙa mata a baho ta sa ƙafa bayan ta fito. Ta yarda, ruwa ya daidaita, ɗanta bai taɓa ji ba.

Baba, da muka tashi daga zaman makokinka, ruwan Hajiya ya yi kore. Mai gadi ya kashe inji don babu wanda ya ce masa komai, zafi kuma ya yi nasa, gansakuka ta rufe har matakala. Gwiwoyinta suka sake sandarewa, ta koma kan kujera. Ta aiko na je. Na ce mata ni launi kawai na sani, awon a hannunka yake, kuma kowane kwami da nasa. Ta ce an nemi wani a Kano ya ce sai bayan Sallah, ita kuma ƙafarta ba za ta jira shi ba. Ta ce, "Ai kana kusa da Zakiyyu yake yi, Siddiƙu. Je ka gwada."

Na gwada. Na goge bango, na roƙi mai gadi ya bar injin yana aiki, na zuba kulorin da rana ta yi sanyi. Asid ɗin kaɗan-kaɗan nake sawa saboda tsoro, in tafi in yi acaɓa, in dawo in sake gwaji. Koren ya tafi, ruwan ya koma fari kamar tsinkakken koko, ya tsaya a haka har na fid da rai. Shekaranjiya na leƙa na hango tayil ɗin ƙasa. Na gwada, na ga goro da ɗorawa. Ban yarda da kaina ba sai da na fara shiga da kaina, na ji ido bai yi yaji ba, sannan na ce a gaya mata.

Jiya ta shiga. Jikarta ta ce mini ta iya durƙusawa a sallar magariba, amma goshin bai kai ƙasa ba tukuna. Ta ce in rubuta cewa sujadar farko da za ta samu, addu'arka za ta yi a ciki. Sauran gidajen suna ta kira, ban san yadda zan yi da su ba. Nata dai ba zan bari ba.

Allah Ya jiƙan ka, Baba Zakiyyu. Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka, Ya haskaka maka shi fiye da hasken da idonka ya rasa. Ina yi wa matarka Inna Larai ta'aziyya, da 'ya'yanka Bilal da Ni'imatu, da dangi na Ɗanzomo da na Damagaram. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Allah kuma Ya kai goshin Hajiya ƙasa kafin Sallah, addu'ar ta iske ka. Amin.