Hancin Bappa Hammadu da Motarsa Mai Ɗaki

Duk wanda ya san Bappa Hammadu ya san hancinsa ke riga sallamarsa shiga gida. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ja iska sau uku, sannan ya ce, "Babu ƙauri. Salamu alaikum." Aikin wayar wuta ya yi har ya yi ritaya, kuma ya yi imani duk wayar da za ta kama wuta sai ta fara gaya wa hanci.

Da ya bar aiki ya sayo motar nan mai ɗaki 'yar Kwatano: gado, firij, fanka, har wurin dafa shayi. Wai da ita zai zaga duniya. Iyakar duniyar da ta gani bakin tafkin Njuwa ne, ran Juma'a. Sauran kwanaki tana gindin darbejiya a ƙofar gida, matarsa Goggo Asta na barcin rana a ciki saboda fankar, don zafin Yola ba ya raga wa mai hawan jini.

Wata rana dillalin motar ya aiko takarda daga Jimeta. Wai masu ƙera ta sun gano wayar bayan firij tana iya kama wuta, a kai a canza kyauta. Ni ɗan ƙanensa na karanta masa.

"Kyauta?" in ji shi. "Ɗana, a Jimeta ko gaisuwa aka yi maka kyauta, ka taɓa aljihunka. Wayata ta Turai suke so su kwance, su sa mini ta kasuwa."

Na ce, "Bappa, su fa suka ƙera ta."

"Su suna can, hancina yana nan."

Takardar kuwa ya ninke ta ya tokare ƙofar firij da ita, dama ba ta rufuwa sosai.

Maƙwabcinsa Malam Bitrus, tsohon hedimasta, ya zo lallashi. Bappa ya ja shi cikin motar, ya durƙusa ya shinshina bayan firij, ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

"Hedimasta, ta ci jarrabawa."

"Kai ka shirya tambaya, kai ka ba da maki?"

"To, ba haka kuke yi a makarantarku ba?"

Goggo ma ta yi magana. "Alhaji, ni ke kwanciya a ciki. In na ƙone fa?"

"Ina raye? Sai dai in hancin nan ya tafi hutu."

Ai kuwa ya tafi. Murar damina ta toshe shi tam. Ranar Bappa na zaune a tabarma, taku biyar daga motar, yana fyace majina, hayaƙi na fita ta tagar da ke bayansa, shi ko a jikinsa. Malam Bitrus ne ya hango, ya rugo ba takalmi, ya fizge kan batir, ya jawo Goggo waje tana tari. Bappa ya taso a guje. Ya riƙe gefen zanenta gam.

Washegari aka kai mota Jimeta. Ya hana a tayar da ita, tarakta ya ɗauko daga Damare ta ja ta. A gareji ya zaro takardar daga ƙofar firij ya miƙa.

Makanike ya ce, "Baba, tun yaushe ake nemanku?"

"Ba kiranku na amsa ba. Mura ce ta kawo ni. Kuma ku ba ni tsohuwar wayata, ta Turai ce."

Mun sha dariyar wannan magana. Amma daga ranar Goggo ba ta sake barcin rana ita kaɗai ba. Kullum yana zaune a matakalar motar, fuskarsa na kallon ciki, har ta farka. Na taɓa tsokanarsa cewa ai an gyara. Ya ce, "Hanci ya ci amanata sau ɗaya, ɗana. Asta kuma guda ɗaya ce."

Yanzu matakalar ba kowa. Jiya na ga Goggo ta tsaya a bakin ƙofar motar, ta ja iska sau uku kafin ta shiga, sai hawaye ya zo mini.

Allah ya gafarta wa Bappa, ya sa ƙamshin Aljanna ne ya fara tarbar hancin nan nasa, ya ba Goggo haƙurin rashinsa. Amin.