Sarƙar Kare a Tashar Kakuri

Tanimu mai gyaran takalmi bai san sunan matar nan ba, amma ya kasa ɗauke ido daga kanta. Shekarar da soja suka koma bariki ce. Ga ta tsaye a tashar Kakuri cikin baƙin zanen makoki, siririya, fuska ba annuri. Kayanta jaka guda ce, sai wani jan kare mai yankakken kunne. Tana riƙe da takardar likitan dabbobi, ta naɗe ta a leda kamar fasfo. Ƙasar Gana za ta, wurin 'yarta, in ji direba.

Tanimu na zaton mijinta ma'aikacin masaƙa ne, kuma dangi sun yi wa gidan wasoso tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Yana cikin wannan tunani sai ga wani ƙato yana kaɗa makullan gida.

"Matar yaya, karen ma gado ne. Shi ke tsaron gidan."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta durƙusa ta kwance sarƙar daga wuyan karen, ta miƙa masa.

"Yayanka sarƙa ya saya, ni na ciyar. Kira shi, in ya bi ka naka ne."

Ƙaton ya yi fito. Karen ya yage baki yana gurnani, sannan da ta shiga mota ya bi ta ya kwanta a ƙafarta.

Ta leƙo ta taga.

"Gidan ba zai rasa kare ba. Gwada sarƙar a wuyanka."