Ƙafar Ululani

Ululani Kaʻawa ba ta iya wuce tarin duwatsu ba ta kai masa ƙafa ba. Ɗiyar kawuna ce, tare muka tashi, kuma tun muna yara ba ta barin abin da ta ga ba daidai ba. Sana'arta tuƙa ƙaramar bas. Tana kwasar baƙi 'yan yawon buɗe ido daga garin Hilo da safe, ta hau da su gandun Kīlauea, dutsen nan mai aman wuta, ta nuna musu ramin da ke hayaƙi, ta gangara da su bakin teku inda narkakken dutse ya cinye kwalta, daga nan a ajiye mota a taka a ƙasa. Ni ke yi musu abincin rana, don haka kusan kullum ina kujerar gaba da kular kifi da shinkafa a cinyata.

A baƙin filin nan na daskararren dutse babu hanya, babu itace. Ahu kawai ake bi, wato duwatsun da aka tara nan da can don kada mutum ya ɓace. To su baƙi da sun gani sai kowa ya durƙusa ya tara nasa ya ɗauki hoto, ya tafi ya bar wa na baya ruɗani. Abin nan yana ƙona wa Ululani rai. Tana tafe tana ba su labarin Tsohuwa Pele, wadda kakanninmu suka ce ita ce mai wutar dutsen, ƙafarta na aiki, ko kallon ƙasa ba ta yi. Nakan ce mata wata rana sai ta karya ɗan yatsa, ta ce in ji da kulata.

Ƙauyenmu yana ƙarƙashin filin nan, da cocinsa da maƙabartarsa, da kabarin mahaifiyarta. Tun da wuta ta binne shi, mahaifinta Kawu Palani bai ƙara ambatar wurin ba. Da ciwon suga ya ci masa ido, ɗansa da ke Las Vegas ya ce zai zo ya tafi da shi. Muna cin tuwon gwaza a baranda Kawu ya ce ba zai hau jirgi ba sai ya yi wa matarsa sallama. Ashe tun yana da ido ya je shi kaɗai ya tara ahu a kan kabarin, ya cusa farin dutsen teku a cikinsa don ya gane nasa. Ya ce Ululani ta kai shi ya ɗora hannu a kan tarin.

Na ga ta ajiye kwano. Da muka shiga kicin ta ce min ta tuna da tarin nan sarai. Can bara ta watsa wani tari nesa da inda ake bi, farin dutse ya gangaro daga ciki, har ta yi ta faɗa cewa baƙi sun fara kwaso kayan teku zuwa kan dutse. A ina ne? Ba ta sani ba. Filin duk iri ɗaya ne, kamar ƙanzon tukunya.

Ta soke aiki, muka yi ta yawo a rana har takalmina ya yage, ba mu ga komai ba. Na ce ta faɗa masa gaskiya. Ta ce mutumin da zai bar ƙasarsa ba zai tafi da wannan a ransa ba. Ta samo farin dutse a bakin ruwa, ta zaɓi wani wuri da ya yi mata kama, ta tara sabo. Ban ji daɗi ba, amma ni na riƙa miƙa mata duwatsun.

Ana gobe tafiyarsa muka kai shi. Ita ta riƙe hannu ɗaya, ni ɗaya, yana tafe yana tsokanarmu wai ya fi mu sanin inda zai sa ƙafa. Da muka isa ya durƙusa ya shafa tarin daga ƙasa har sama, ya daɗe yana shafawa.

"Wa ya yi wannan?" ya ce. "Ni ban taɓa gini da kyau haka ba."

Ululani ta zauna a kan dutse mai zafi ta faɗa masa komai. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba sai ranar, kuma tausayinta ya kama ni sosai. Ta ce ta ɓatar masa da kabarin Mama, ba ta san inda yake ba.

"Ni na sani ne?" in ji Kawu. "Ke, da na zo babu coci, babu bishiya ko ɗaya. Na yi ta tafiya har na gaji, inda na gaji nan na tara."

Ya laluba aljihu ya ciro furen da ya tsinko a tsakar gida, ya ɗora a kan ginin 'yarsa. Ya ce mu matsa, yana da magana da matarsa. Muka matsa. Muna hango shi yana ta bayani da hannu, har da dariya.

A Las Vegas ya rasu, aka dawo mana da tokarsa, kuma kowa ya san inda muka kai ta.

Ululani tana nan tana tuƙi, kuma ba ta daina rushe tarin baƙi ba. Sai dai yanzu ba ta fara kai ƙafa. Takan durƙusa ta ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya ta leƙa ciki tukuna. Kwanan baya wata baƙuwa ta taɓa ni ta tambaya a hankali ko addu'ar gargajiya take yi, ko za ta iya ɗaukar ta hoto. Na ce ta bar ta, dubawa take ko akwai mai shi.