Ƙullin Gamba a Hanyar Tudu

Milka ba ta taɓa zama a wani gari ba sai ƙauyensu da ke gefen Kwoi. A nan aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan ta binne mijinta. Da damina tana noman citta. Idan ciyawa ta bushe bayan Kirsimeti, sai ta ɗauki lauje ta hau tudu yankan gamba, ta saƙa zana ta sayar.

Hanyar tudun guda ɗaya ce, siririya, kuma ta kowa ce. Shanu na bin ta da sassafe, mata da kayan itace, maharba da karnukansu, 'yan acaɓa har inda babur zai iya kaiwa. A 'yan shekarun nan har samarin Kafanchan na zuwa ranar Asabar da gorunan ruwa, wai hawan dutse don motsa jiki. Milka takan matsa musu gefe.

Doka ɗaya ce ta riƙe hanyar. Duk wadda za ta shiga cikin gamba, sai ta kama ciyawar bakin hanya ta ƙulla kanta. Maharbi ko makiyayi da ya ga ƙulli ya san akwai mutum a ciki, ba zai sa wuta ba. In ta fito, ta kwance. Ko a shekarun da manoma da makiyaya suka daina gaisawa, ba wanda ya taɓa ƙona ciyawa mai ƙulli.

Abokiyar yankanta ita ce Yemima, matar ƙanin mijinta, wadda ciwon gwiwa ya hana ta sauri. Tare suke hawa, tare suke saukowa, suna faɗa a kan wadda laujenta ya fi kaifi.

A wata shekara ne Bartholomew, ɗan Milka, ya dawo daga Sabon Tasha, inda ya tashi a hannun kawunsa. Ya zo da babur. Da ya ga uwarsa da damin gamba a ka, ransa ya ɓaci. Ya ce zai share hanyar har sama, babur ya riƙa ɗauko mata kaya. Ta ce masa kanta bai kai ƙara wurin kowa ba. Bai faɗa mata ranar da zai fara ba.

Ran nan Milka da Yemima suka ƙulla ciyawarsu suka shiga. Da rana ta take ruwansu ya ƙare, Milka ta sauko rafi da galan. Tana fitowa hanya ta ga an sassabe gefe da gefe, fes. Can ƙasa ta tarar da ɗanta da adda, gumi ya jiƙa masa riga, yana murmushi.

"Mama, kin ga aiki?"

Ta duba tarin ciyawar da ya sare. Ƙullinsu biyu na kwance a ciki. Ta ɗaga kai. Hayaƙi ya riga ya tashi daga wajen da maharba ke shiga, iska kuma na tura shi sama.

"Yemima tana ciki," in ji ta.

Ta yar da galan ta juya. Bartholomew ya wuce ta a guje, amma wutar gamba ta fi mutum gudu. Sai da ta lafa suka iya shiga. Sun sami gawar Yemima kusa da wani dutse da ta yi ƙoƙarin hawa, laujen na hannunta.

Maharban sun rantse a gaban dagaci cewa sun duba, ba su ga ƙulli ba. Gaskiya suka faɗa. Fasto ya ce nufin Ubangiji ne. Bartholomew ya tashi ya ce shi ya sare ƙullin, bai san ma'anarsa ba. Ba wanda ya hukunta shi, ba kuma wanda ya ce masa ba komai.

Hanyar ta yi faɗi yanzu, babura na kaiwa har sama. Milka na hawa ita kaɗai. Ba sauran doguwar ciyawa a bakin hanya, sai ta shiga ciki kaɗan ta ƙulla, inda da wuya mai wucewa ya gani. Ɗanta yakan tsaya da babur ya ce ta kawo damin. Takan gyara gammo ta wuce shi a ƙafa.