Orville Stamper, wanda ya bar ledata a inda take

A da, kullum da safe za ka ga tsohuwar a-kori-kurarsa a ƙofar shagon kofi na bakin gada. Ya sha kofinsa a tsaye, ya ɗaura fatun kare gwiwa, ya nufi gidan da aka kira shi. Orville Stamper ke nan, mai shimfiɗa katako a ƙasan ɗaki. Tun ina da ƙarfina yake rarrafe a gidajen garin nan. Yanzu gwiwoyin sun ƙi, kantin da ya yi wa aiki sun sallame shi, ko kek na ban kwana ba su yanka masa ba. Ban yi nisa a makaranta ba, amma in na ga rashin mutunci ina gane shi.

Ledar ƙasan kicin ɗina ta girmi 'yata Charlene. Bakin ledar ya naɗe wajen famfo, na yi tuntuɓe, na farka a asibiti. Charlene ta ce, "Mama, ko a gyara ƙasan nan, ko ki koma gidan tsofaffi. Ba zan riƙa tsintar ki a ƙasa kamar cokali ba."

Kantin suka turo samari biyu. Ɗaya ya ce a ɓare ledar, ɗayan ya ce kada a taɓa, irin ta da ce, ƙurarta na cin huhu. To wa zan bi? Suka sauke katako daga mota, suka buga a kanta nan take, suka tafi. Zafi na shigowa, tsakiyar kicin ya kumbura kamar sabon kabari, ƙofar baya ta ƙi buɗuwa. Na je kantin, mai shi ya ce wai laifin gidana ne, danshi gare shi. Gidan da na raini 'ya'yana a ciki! Charlene ta fara kawo kwalayen haɗa kaya.

Sai ga Orville ranar hutunsa. Verna maƙwabciyata ce ta tare shi a coci. Ya cire aikin yaran, ya bar ledar. Ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana ƙwanƙwasa ginshiƙai. Sannan ya jera sabon katako a falona, tsakanin kujera da talabijin, ya ɗauki hularsa.

Na ce, "Ina kuma za ka?"

Ya ce, "Gida, Misis Tackett. Sai katakon ya saba da iskar gidanki."

"Ya saba? Kyanwa ce? In zuba masa madara?"

"In ya roƙa, ki zuba."

Kwana da kwanaki ina zagaye tarin katako in zan kunna labarai. Charlene ta ce, "Mama, an sake yi miki wayo."

Amma ya dawo. Ya yanke bakin ledar da ya naɗe, ya manne sauran, ya shimfiɗa siririn fallen katako a kai, sannan ya fara bugun ƙusa layi-layi. Da na leƙa, sai na ga ya bar rata a jikin kowane bango.

"Kai Orville, idonka ya mutu ne? Bai kai bango ba!"

"Wurin miƙarsa ne. Zan rufe ratar, ba za ki gan ta ba."

Har yau ban gane ba. Itacen da aka sare tun tuni, yaya yake miƙa? Ledar da aka ce guba ce, yaya ta zama lafiya don an kwanta mata a kai? Ya yi mini bayani, ya sake yi, kaina ya ƙara ɗaurewa. Abin da na sani, zafi ya zo ya wuce, ƙanƙara ta zo ta narke, ƙasan bai motsa ba. Charlene ta zo ta bi shi da safa lungu-lungu tana neman abin tuntuɓe. Ta buɗe ƙofar baya, ta rufe, ta sake buɗewa. Sai ta kwashe kwalayenta.

Orville, kai ne mai durƙusa wa gidan kowa don masu gida su yi tafiya a miƙe. Verna ta gan ka kana sassaƙe dokin ƙofar coci don keken guragu na tsoho Harlan ya shiga, ba wanda ya sa ka. Na zazzage ka, ka amsa mini da dariya. Na gode.

Kai kuma mai kanti, abu biyu nake nema. Ka je har gidansa ka yi masa godiya da bakinka, sannan ka janye ƙazafin da ka yi wa gidana. Samarin nan naka, ka tura su wajensa tun yana iya nuna musu, su koyi ajiye guduma su jira.

Ni dai ina kicin ɗina, tukunyar wake na kan wuta. Daga gidan nan sai maƙabarta.