Sorin da Na Yi wa Goggo

Shekarar da na fara koyarwa a Aliero bakina ya cika da Turanci, har na fara jin kaina. Kalmar da ta fi kama min harshe ita ce sori. Na taka mutum a tasha, sori. Na makara zuwa aji, sori. Abokin aiki ya ce albasarsa ta ruɓe a rumbu, sori. Kalma ɗaya tana yi min aikin sannu da gafara da yi haƙuri. Da ma ni ɗan gaggawa ne, ko shayi a tsaye nake sha.

Muna tsakiyar jarrabawa aka bugo waya cewa mijin Goggo ya rasu a Gumbin Kure. Goggo ƙanwar babana ce, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata. Na kira ta ina tafe, takardu a hammata, na ce, "Sori, Goggo, zan shigo." Na kashe wayar.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ban shigo ba. Kullum sai in ce gobe, ga shi zama ya gagare ni, ina makin takardu ina tashi ina leƙen titi. Na san sarai a wurinmu da ƙafa ake ta'aziyya. Ka tuɓe takalmi, ka zauna, ka yi addu'a.

Bayan sati biyu na hau mota zuwa Jega, na sake wata zuwa Maiyama, na ƙarasa a babur. Tun a zaure ƙanwata ta tare ni. "Goggo ta tambayi ɗiyar maƙwabta mi aka nuhi da kalmar ga taka. Tac ce mata abin da aka ce ma wanda anka taka ne."

Kunya ta rufe ni. Goggo tana takaba. Ta sa aka shimfiɗa min sabuwar tabarma, ta baƙi. Na yi gaisuwa, na ja addu'a mai tsawo.

"An gode, malam. Allah shi ba da lada," in ji ta.

Malam! Matar da tun ina rarrafe ba ta kira na sai da ɗana.

Da na tashi fita, goshina ya bugi saman ƙofar ɗakinta. Tun da na yi tsawo nake bugewa a nan, ita kuma ta shafa wurin tana cewa, "Sannu, ɗana, kai ba ka duban gabanka." Na tsaya dafe da goshi ina jira.

"Sori, malam," ta ce, ta ci gaba da jan carbinta.